Kunnen Aro

Hunturu biyu Orrin Haugland ya yi
yana hira da guntun itace guda.
Walnat ne, tsawa ta kayar a bayan cocin garinmu.
Ya roƙa, aka ce ɗauka,
ya ajiye shi shekara tara a saman rumbu
har itacen ya daina motsi.

Da can gyaran fiyano yake yi.
Shekara arba'in yana bin gidajen makiyaya
a gaɓar kogin Musselshell,
yana ɗaure wayoyi har su faɗi gaskiya.
Sai kunne ya yi masa sallama, na hagu tukuna,
na dama ya bi sawu ba gardama.

Ni maƙwabcinsa ne, direban motar 'yan makaranta.
In na sauke yaron ƙarshe sai in leƙa,
in tarar ya shafa wa ƙarfe baƙin fitila,
ya kwantar da shi cikin itacen, ya ɗaga.
Inda baƙi ya taɓa, nan zai kankare,
abin da bai kai ɓawon albasa ba.
Ya sake shafawa. Ya sake kwantarwa.
Na ce, Orrin, yaushe za a gama?
Ya dubi bakina, ya gane, ya ƙi amsawa.

Bututun mai kusurwa takwas ne,
daga ƙasa har ƙuguna, nauyi kamar bashi.
Kunamar, sati uku yana gogarta,
wai so yake ta saki kamar karyewar siririyar ƙanƙara.
Darma da kansa ya narka, ya zuba,
kowane harsashi sai ya hau sikeli,
wanda ya gaza da nauyin ƙwayar alkama
ya koma tukunya.

Ranar gwaji cikin watan Mayu.
Fili fetal, Montana ba inda za ka ɓuya,
iska na tasowa daga yamma, ta canja shawara a hanya.
Yadi dubu. Faifan ƙarfen can
bai fi ƙwayar masoro a ido ba.
Ya ce: ido nawa ne, yatsa nawa,
kunne kuwa aro na zo.

Ya kwanta rub da ciki,
bututu bisa sanduna biyu a gicciye.
Dum! Farin hayaƙi, warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Muka jira. Harsashin nan ba ya gaggawa,
sai ya hau kamar mai kai gaisuwa ga gajimare
sannan ya gangaro.
Ƙasa ta yi tsalle a dama da faifan. Shiru.
Na biyu, shiru. Na uku ya gaza.
Kowane harbi sai ya juyo ya karanta fuskata.

A na biyar ƙarya ta zo mini har leɓe.
Wa zai sani? Tsoho ne, kurma ne, hunturu biyu.
Na haɗiye ta. Na girgiza kai.
Ya ce to, ya ɗan murɗa saiti,
ya hura numfashi cikin bututu, ya dubi tuta.

Na takwas.
Ɗaya, biyu, uku,
ƙasa ba ta motsa ba.
Huɗu, biyar, shida,
tin.

Sai tsintar kaina na yi a tsaye, ba hula.
Shi ko murmushi bai yi ba. Ya jawo hannun rigata:
Wane sauti? Sama yake ko ƙasa?
Na ce kamar cokali ya taɓa kofi a gidan wani.
Ya ce ba haka ake faɗa ba. Rera mini.

Ya ɗora yatsu biyu a maƙogwarona,
masu warin albarushi da kakin zuma.
Ni ƙato, shekara hamsin da ɗoriya,
a tsakiyar fili ina guna kamar ƙudan zuma.
Ya lumshe ido. Ya daɗe.

Ya ce: ya ɗan yi ƙasa.
Faifan ne, ko kai ne?
Miƙo mini harsashi.